Wutar Motar Manaja

Litinin, da yamma

Bari in fara da abin da kowa ya sani, don kada gobe wani ya ce shi ya yi min. Garejin nan ni na kafa shi. Lokacin da na zo juji ne, awaki ke kwana a kai. Ni na share, ni na kafa rumfa, ramin da muke shiga ƙarƙashin mota da hannuna na haƙa shi na shafe shi da siminti. Gidan da nake ciki ba gado ba ne. 'Ya'yana sun yi karatun da ni ban samu na ƙarasa ba, babbar ma'aikaciyar jinya ce, mai bi mata yana koyarwa. Ban taɓa tsayawa ƙofar wani ina sosa ƙeya ba. Ubana bai bar min ko ƙusa ba, Allah ya ji ƙansa, ba laifinsa ba ne. Babu kawu, babu ubangida, babu wanda ya ce ungo wannan ka fara. Kanikawan da suka fita daga hannuna suka buɗe nasu wurin kuwa, in na ce zan lissafa su sai shafin nan ya cika.

Abin da ya sa na rubuta wannan, maganar da Manaja ya zo min da ita ce yau.

Shi ne manajan kamfanin da ke rarraba kaya a shaguna. Motocinsu duka ni ke gyarawa tun ba su da komai sai tsofaffin akori-kura. In gaskiya za a faɗa su ne garejin, sauran masu zuwa 'yan canjin mai ne da birki. Ya zo da motarsa ta hawa, wutar inji ta kama a dashbod, 'yar ruwan ɗorawar nan. Ya ja ni gefe ya ce masu kamfani suna son a mayar da motocin wurin Bahago, wai shi yana da na'urori. Bahagon da ya zo min bai san sifana goma daga sha biyu ba. Ni na bar shi ya yi aiki da hannun da Allah ya ba shi lokacin da kowa ke cewa a canja masa. Yanzu ga shi can tsallaken titi da ofis mai gilashi.

Manaja ya ce shi yana bayana, kuma ƙarshen wata za su zauna. Ya ce, "Baba Hanci, ka kashe min wutar nan ta mutu murus, in samu abin faɗa a gabansu."

Dariya na yi. Na jona 'yar kwamfutata, ta ce ƙaramin yoyo ne a hanyar tururin fetur. Motocin yanzu ba sa barin tururin tanki ya bi iska. Tiyo ke ɗaukarsa zuwa wani gwangwani mai gawayi a ciki, daga can bawul ya buɗe, inji ya zuƙe ya ƙone. In akwai huda ko da kamar bakin allura ce, motar za ta gane ta kunna wuta. Kwamfuta tana cewa akwai huda, ba ta cewa ga inda take. A nan kanikawa ke kuka, a nan kuma na samo sunan da ake kirana da shi. Zagaya mota nake yi, in sunkuya in shaƙa, in ce a kwance nan. Daga wasu garuruwa an sha kawo min mota saboda wannan kaɗai.

Yau ban zagaya ba, akwai mutane, kuma rana ta yi zafi. Na duba murfin tanki na ga robarsa ta bushe. Na sa sabo na goge wutar. Dama galibi murfin ne.

Talata, da safe

Wahalar wannan aikin jira. Motar ba kullum take gwada kanta ba. Sai ta kwana ta huce, an tashe ta da sanyin safiya, tankin kuma bai cika ba bai yi ƙasa sosai ba, sannan take rufe hanyoyinta ta auna ko iska na shiga. Ko ta ga huda ba ta magana sai ta sake gani. Shi ya sa mutum zai yi kwanaki yana tsammanin ya gama.

Ni dai na gama. Murfin ne.

Alhamis, da rana

Manaja bai kira ba.

Asabar, da yamma

Ta dawo. Manaja ko fitowa bai yi ba, ya sauke gilashi ya nuna min wutar da yatsa. Na ce ya bar ta zuwa yamma.

Na buɗe bonet na ciro bawul ɗin da ke kusa da inji, na sa baki na hura. Iska ba ta wuce ba, wato lafiyarsa lau. Amma wani lokaci sukan riƙe a hannu su saki a jikin mota, na sha gani. Na canja shi.

Mai walda, maƙwabcina da muka tsufa tare a layin nan, ya leƙo yana cewa yau kuma Hanci da baki yake aiki, ko an yi wa hancin ritaya ne ba a sanar ba. Ya kwashe da dariya, ma'aikatana biyu suka taya shi. Na ce mura nake yi. Ya ce lallai wannan murar ta biya haya, tun zazzaɓin da na yi da damina yake jin labarinta. Mutum ya yi furfura bai iya bakinsa ba.

Lahadi, da rana

Uwar yara ta ɗora tukunya ta shiga maƙwabta, ta ce in sa ido. Ina zaune a bakin ƙofar kicin ina sauraron rediyo. Sai ganinta na yi ta faɗo da gudu, wai tun daga can ta jiyo ƙauri. Tukunyar ta yi baƙi ƙirin. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma ya fi min. Ta tsaya da murfin tukunya a hannu tana kallona, ta ce, "Baban yara, har yanzu?"

Na ce hankalina na kan labarai.

Na ci wanda ta sake dafawa. Abincin gidan nan kwanan nan duk ɗaya ne, kamar mutum na tauna soso. Ina jin kayan miyan yanzu ne ba su da kyau.

Talata, da hantsi

Bahago ya tsallako. A layin nan ba a ɓoye komai, ko sifana ka yar sai an ji. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya tambayi uwar yara da kowa. Can sai ya kawo maganar na'urar hayaƙinsa. Wai ana jona ta da tiyon tururi ta hura farin hayaƙi ciki, duk inda huda take sai ka ga yana fitowa kamar zare. Ya ce, "Baba, in aiko maka da ita da yamma? Ba sai kowa ya sani ba."

Ba sai kowa ya sani ba. Wato akwai abin sani ke nan.

Na ce masa ranar da na fara neman yoyo da hayaƙi kamar mai korar sauro, ranar ya zo ya karɓi makullin wurin. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya tafi. Bayan ya tsallaka na ga ya waiwayo.

Alhamis, da safe

Shiru. Na yi barci sosai. Bawul ɗin ne, na faɗa.

Juma'a, da yamma

Ta dawo.

Asabar, da yamma

Na riƙe motar, na ce wa Manaja ya hau ta kamfani kwana biyu. Makullin ya ajiye a kan bonet maimakon ya miƙo min.

Na tura ma'aikata kasuwar kayan gyara don in samu sarari. Na shiga rami da fitila. Na bi tiyon tun daga inji har tanki, taƙi bayan taƙi, fuskata a jikinsa. Na bi gwangwanin gawayi, na bi bakin tanki, na kwanta ta wajen tayar baya na cusa kaina har tsatsa ta zubo min a ido. Na dawo na sake bi. A da a nan wani abu yake tsayar da ni tun kafin ido ya gani, kamar an ja min riga.

Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a mahaɗai ko zan ga kumfa. Ni da ruwan sabulu, kamar mai faci. Babu kumfa, ai ba taya ba ce, babu iskar da za ta turo.

Na daɗe a cikin ramin bayan na gama. Akwai sanyi a ciki.

Litinin, da rana

Mai walda ya kunna injinsa ya kashe, ya zo ya tsaya a kaina. Yau babu dariya. Ya ce in matsar da motar nan daga jikin rumfarsa, shi ba zai kunna wuta kusa da ita ba, tun da rana ta ɗaga warin fetur ke dukansa ta bayanta. Ya ce, "Hanci, ba ka ji ba ne?"

Na ce na ji tun kafin ya ji. Na tambaye shi, kamar da wasa, shi ta wane gefe yake jinsa. Ya ce shi mai walda ne, wari kawai ya sani, gefe aikina ne. Ya kalle ni ya daɗe, sannan ya sa hannu muka tura motar tare.

Litinin, da yamma

Bayan kowa ya tashi na rufe ƙofar sito. Akwai galan ɗin fetur da muke wanke kaya da shi. Na buɗe na sa fuskata a bakinsa. Na ja numfashi har idona ya kawo ruwa, kaina ya sara.

Ba zan rubuta sauran ba.

Laraba, da rana

Babbar 'yata ta zo ta ɗauke ni zuwa asibitinsu, uwarta ce ta kira ta ba tare da sanina ba. Na bi ta don kada ta yi kuka a gaban ma'aikata. Likita ya leƙa da fitila, ya sa na rufe ido yana kawo wasu kwalabe kusa da fuskata yana tambaya. Na ce masa sabulu. Na ce masa lemo. 'Yata ta juya baya tana duba wayarta.

Ya faɗi abin da ya faɗa. Wai wasu yana dawo musu, wasu kuma, sai ya buɗe hannuwa. A hanya ta ce, "Baba, ai ba ciwo ba ne mai kisa." Na ce haka ne. Ita a wurinta in mutum na numfashi shi ke nan.

Alhamis, da yamma

Na canja gwangwanin gawayi da bawul ɗin da ke jikinsa. Yanzu babu abin da ya rage ban canja ba sai tankin kansa da tiyo, su kuma idona bai ga komai a jikinsu ba.

Mai wayarin na ƙarshen layi ya ba ni shawara in bari ya buɗe dashbod ya liƙe ƙwan da baƙin tef, har motar ta tsufa ba mai ganin wuta. Na kore shi. Ni ba ɓarawo ba ne, ban taɓa rufe wa mota baki ba.

Na cika tankin taf kafin Manaja ya zo. Na ce masa sabon gwangwani yana son tanki a cike na ɗan lokaci, kada ya bari allura ta sauka, kullum ya riƙa ƙarawa. Ya ce to, har da godiya. In tanki a cike yake motar ba ta gwajin. Wannan ba rufe baki ba ne, jinkiri ne kawai. Su yi zamansu su gama, sai in neme ta a tsanake in murar ta sake ni. Ai ba cutar da inji take yi ba, 'yar huda ce.

'Yar huda ce.

Lahadi, da safe

Ban je ko'ina ba. Uwar yara ta sa sabon turare ta wuce ta gabana ta dawo ta sake wucewa. Na gane ne saboda na ga kwalbar a kan tebur. Na ce yana da daɗi. Ta ce ba ta buɗe shi ba tukuna, ta shiga ɗaki.

Talata, da rana

Shiru. Saura kaɗan su zauna. In na ji waya sai na duba lambar kafin in ɗauka.

Alhamis, da yamma

Ƙarshen abin da idona na gan shi, ba wanda ya ba ni labari.

Ashe tafiya ta taso wa Manaja tare da ɗaya daga cikin masu kamfanin, a motarsa, hanya mai nisa har da kwana biyu. Wa zai tsaya kowane gidan mai yana ƙara fetur da ubangidansa a gefe? Tanki ya sauka rabi, mota ta kwana ta huce, ta yi gwajinta, washegari ta sake yi. A hanyar dawowa wutar ta kama, mai kamfani na zaune yana kallo. Shi ya ce a karya kan mota wurin Bahago.

Ina tsaye a ƙofar garejina. Na ga sun jona na'urar. Shayin da ke hannuna bai huce ba hayaƙi ya fara fitowa ta bayan tayar baya, siriri, fari, a hankali. Bahago ya kwance robar da ke rufe wurin ya ciro guntun tiyo, na sama da wuyan tanki, wanda ƙarfe ya goga ya tsaga ta bayansa. Wurin da na cusa kaina waccan Asabar ɗin. Fuskata ta taɓa shi.

Bahago bai ɗago ya kalli tsallake ba ko sau ɗaya. Ya san ina nan.

Juma'a, da hantsi

Manaja ya zo da ƙafa. Wani a can ya yi masa bayanin tanki a cike, ya ce ba Bahago ba ne, shi ko da aka tambaye shi cewa ya yi bai san dalili ba, Baba ya fi shi sani. Manaja bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba Hanci, da ka ce min ba ka gano ba, da na san yadda zan kare ka. Yanzu ni ma tambayata ake yi."

Na ce masa mura ce. Ban san me ya sa na faɗa ba, ba abin da ya tambaya ke nan ba.

Ba sai sun zauna ba. Daga Litinin motocin can za su.

Asabar

Ban buɗe ba.

Talata, da rana

Birki ɗaya tun safe. Babban cikin ma'aikatana ya zo yana murza hannu, wai iyali, wai in yafe masa. Na ce ya je. Na ga ya tsallaka, ko zagayawa bai yi ta baya ba. Mai filin garejin, wanda nake biya haya, shi ma ya biyo ya gaishe ni, gaisuwar da bai taɓa yi min ba, yana kallon rumfa yana auna ta da ido.

Motocin kamfani sun cika gaban Bahago har kan titi. Ina gane kowace da kukanta. Akwai wadda bel ɗinta ke kuka, tun daga nan nake ji, su ba su ji ba.

Alhamis, da yamma

Bahago ya zo gida, ba gareji ba. Ya durƙusa a tsakar gida, uwar yara ta kawo masa ruwa tana ce masa ɗana. Ya ce wurinsa ya yi kaɗan, kuma ya ji mai fili na neman ba wani mai wankin mota nawa wurin. Gara shi ya karɓa ya haɗa biyun, ni in zauna a inda nake ina duba aikin inji. Ya ce, "Baba, kunnenka babu irinsa a layin nan. Ni ma har yanzu ban kai ba."

Wato zai ajiye ni kamar tsohon jak, a kusurwa, don kada a ce ya yar.

Da ya tafi uwar yara ta ce in karɓa. Ta ce hannuna na nan, kunnena na nan, kuma in na zauna a gida ita zan kashe da baƙin rai kafin in kashe kaina. Na ce ban taɓa aiki a ƙarƙashin kowa ba. Ta ce ta sani, duk unguwa ma ta sani, kullum ina faɗa.

Lahadi

Ba ni da abin rubutawa.

Laraba, da rana

Makullin garejin yana hannun Bahago tun jiya. Ba zan yi maganar ba.

Da safe na tarar da mai fenti ya shafe bangon gaba da fari. Ni ban taɓa rubuta komai a bangon nan ba, ban buƙata ba, duk mai nemana ya san inda nake. Ya nuna min takardar da Bahago ya ba shi, sunan garejinsa da manyan baƙaƙe, da hoton kwamfuta. A ƙasa daga gefe an bar ɗan wuri. Mai fenti ya ce an ce ya sa "Wurin Baba Hanci" a nan, don tsofaffin masu zuwa kada su ɓata.

Na ce kada ya kuskura. Na karɓi fensirinsa na rubuta masa sunana na gaskiya a bayan takardar, da na ubana, na ce shi zai sa, a sama, baƙaƙen kuma kada su gaza na Bahago ko da ɗan yatsa. A ƙarƙashi ya sa cewa ni na kafa wurin. Ya ce shi wanda ya ba shi aiki yake bi, kuma bangon ba zai ɗauka ba, sai dai a jira Bahago ya dawo daga kasuwa. Mai walda ya ce in bar yaron mutane ya yi aikinsa, wa ya san wannan sunan a layin nan, shi kansa sai da ya yi tunani.

Na ɗauko benci na sa a gindin tsaninsa na zauna, a nan nake rubuta wannan. Fentin ya fara bushewa a burushinsa. Sun karɓi motocin, sun karɓi rumfa da rami, ban ce komai ba. Amma ba za a shafa baƙi ko ɗaya a bangon nan ba sai nawa ya hau. A rubuta sunana. Cikakke, a sama, inda mai wucewa a mota zai iya karantawa.